Kwana Tara a Littafin Malam Labaran

A da a Kaikai, idan ana gardamar ruwan bara, wajen Malam Labaran ake zuwa. Shekara goma sha bakwai yana riƙe da gwangwanin awon ruwan sama da wata ƙungiyar masu binciken noma ta kafa a bayan gidansa. Kowace safiya sai ya auna, ya rubuta a littafi mai gida-gida, kowace rana da gidanta.

Ƙa'idarsa ɗaya ce. Ranar da ya duba bai tarar da ruwa ba, sifili yake sawa. Ranar da bai duba ba kuwa, sai ya bar gidan ranar fayau, ya rubuta dalili a gefe: zazzaɓi, jana'iza, akuya ta ture gwangwani. Yakan ce, "Sifili shaida ce. Ba na shaidar abin da ban gani ba."

Ƙanensa Harisu, wanda shi ya riƙe tun rasuwar mahaifinsu, Malam Labaran ne ya gabatar da shi ga ƙungiyar, suka ɗauke shi aikin shigar da alƙaluman ƙauyuka a kwamfuta a Kankia. Duk ƙarshen damina Harisu yakan karɓi littafin.

Wata shekara, cikin Agusta, matar Malam Labaran, Tani, ta kwanta asibiti a Katsina. Kwana tara yana jinya, gida tara ya bari fayau a littafin. A kwanakin nan aka yi ruwan da ya zubar da katangu.

Bayan girbi sai ga shugabar aikin ta zo da Harisu, aka shimfiɗa tabarma, maƙwabta suka taru. Ta ce, "Malam, maƙwabtanku na ƙauyen Bauranya sun auna ruwa mai yawa kwana tara a jere, kai ka rubuta ko ɗigo babu. Yaya aka yi?"

Ya karɓi littafinsa ya buɗe. Sifili tara reras, da biro irin nasa, dalilin da ya rubuta a gefe an goge shi. Ya duba shafukan baya, duk gidajen da ya taɓa bari an cike su. Ashe Harisu ya gaji da tambayar da ake masa a ofis kan kowane gurbi.

"Harisu, mi ke nan?"

Harisu ya dubi tabarma. "Yaya, ni abin da ka ba ni na shigar."

Kalma ɗaya ta isa ta wanke Malam Labaran, amma ita ce za ta raba Harisu da aikinsa, ga 'ya'ya biyar. Malam Labaran ya rufe littafin ya miƙa mata. Ranar aka cire gwangwanin.

Har yau yana awo da gwangwanin madara, a wani littafi da ba ya ba kowa. Masu gardamar ruwa sun koma tambayar Bauranya. Harisu yakan zo gaisuwar salla, a amsa masa, a ba shi ruwa, amma maganar ba ta wuce lafiyar yara.