Likkafanin Hajiya a Hannun Ƙanena

A shekarar da aka daina fam da sule aka koma naira da kwabo Innarmu ta sauke farali. Ina tuna haka ne domin da tsohon kuɗi muka yi mata rakiya, da ta dawo Kankara kuwa ta tarar mai ƙosan ƙofar gidanmu tana ta rigima da mutane a kan sabon. Lokacin arzikin man fetur ya fara shigowa ƙauyuka, jirgi yana ta ɗibar alhazai, tsofaffin da ba su taɓa wuce Funtuwa ba sai ga su da haƙorin Makka.

Mu biyu ne maza a wurinta, mahaifinmu ya riga mu gidan gaskiya. Ni ne babba. Karatun allo na yi, na zarce littattafai, da ajami nake rubutu har yau. Ƙanena boko ya yi har Zariya, ya dawo malamin gona, aka ajiye shi a Faskari da babur yana zagaya kasuwannin auduga har Sabuwa.

Akwai wani abu a tsakaninmu da ba wanda ya sani. Da kakar da ta gabata muna yankan dawa a gonarmu ta hanyar 'Yargoje, azahar ta yi, na yi alwala, na miƙa masa butar. Bai karɓa ba.

"Yaya Malam," ya ce, "a gida ina bin ku sahu saboda Inna. Nan mu biyu ne, ba zan yi maka ƙarya ba. Na daɗe ina neman abin nan a zuciyata, ban same shi ba. Ni dai ban ga akwai wani mai juya al'amura ba."

Na yi masa wa'azi har rana ta karkata, yana saurare cikin ladabi, bai motsa ba. A ƙarshe na yi masa alkawari biyu. Ba zan faɗa wa kowa ba, kuma tun da ya ɗauki kasada ya gaya mini gaskiya, ni ma ba zan taɓa yi masa ƙarya ba. Ni na faɗa da bakina, ba wanda ya tilasta ni.

Kashegarin dawowar Hajiya, gida ya cika da 'yan barka. Ta kira ni ɗakinta in rubuta sunaye a ƙananan takardu in ɗaura wa kowane ƙunshin tsaraba, don kada a rikice. Tasbaha, dabino, huluna, 'yan kwalaben Zamzam. A ƙarshe ta turo mini ƙunshi biyu masu girma ɗaya, a naɗe da takarda iri ɗaya. Ɗaya shuɗiyar shadda ce ta ƙanena. Ɗayan farin alawayyo ne, likkafaninta, wanda ta wanke da ruwan Zamzam ta shanya a can, kamar yadda tsofaffinmu suke yi. Na rubuta takardu biyu. Ina cikin ɗaurawa aka ce ga baƙi daga 'Yargoje suna sallama da ni. Na ƙulla zaren a gaggauce na fita. Hajiya ta sa nata a ƙasan akwatin ƙarfe, ta kulle, ta ɗaure mabuɗin a bakin zanenta. Ƙanena ya ɗaure nasa a bayan babur ya koma bakin aiki.

Bayan kwana huɗu, da hantsi, na ji babur ya tsaya. Ya shigo zaure yana dariya, ya ajiye ƙunshin a gabana ya warware. Ƙamshin miski ya tashi. Farin ƙyalle ne, an riga an yanka shi gida-gida.

"Ka ga aikinka, Yaya? Na kai wa tela in ce a yi mini babbar riga, mutum ya buɗe ya yi salati ya kusa faɗowa daga kan keke. Takardun ka musanya, ko? Wanga ai na Hajiya ne."

Ina ganin ƙyallen na san abin da ya faru. Na tuna sallamar baƙin nan, na tuna yadda na ƙulla zaren. Amma ina kallon hannunsa, sai na ga yatsunsa ba sa son taɓa ƙyallen, da gefen takarda yake tura shi. Sai zuciyata ta raya mini cewa ga ƙofa ta buɗe. Abin da wa'azi ya kasa, ƙila tsoro ya yi.

Na ce, "Ni ban yi kuskure ba. Jiya Hajiya ta buɗe akwatin a gabana. Nata yana nan, har na taɓa shi."

Dariyar ta tsaya. "To wanga fa?"

"Allah ne masani."

Ya san ban taɓa yi masa ƙarya ba. Kuma na san ba zai iya dubawa ba, domin babu ɗan da zai shiga ɗakin uwarsa ya ce ta nuna masa likkafaninta. Ya ce ƙila biyu ta saya ta manta, ƙila kayan wata ne ya shiga nata. "Arashi ne kawai," ya ce. Ya naɗe abinsa, ya roƙe ni kada Hajiya ta ji, ya tafi. Na zauna ina gaya wa kaina cewa aikin lada na yi.

Sati biyu ban gan shi ba. Da ya dawo, ranar kasuwa ce, ya same ni ina rubuta wa wani Bafillatani wasiƙa. Ya jira na gama. Na ga wuyansa ya zurma a cikin riga.

"Bari in ba ka abin dariya," ya ce, ba ya dariya.

Ya ce shekaranjiya da safe yana wucewa ta maƙabartar Tafoki, masu haƙa kabari suka ɗaga masa hannu. A wajenmu idan mutum ya rasu, karan dawa ake ɗauka a auna tsawonsa, a kai wa masu haƙa. To an kawo musu karan, sun jingina shi da bishiya, jakin ɗayansu ya cinye rabi. Gidan mamacin da nisa, rana tana ta yi. Sai wani dattijo a cikinsu ya dube shi sama da ƙasa.

"Malamin gona, Allah ne ya kawo ka. Marigayin nan tsayinku ɗaya, kamar an tsaga kara. Sauko ka taimake mu."

Dattijo ne, sa'an mahaifinmu, ba halin ƙi. Ya sauko. Suka tsayar da shi, suka aza sabon kara daga dunduniyarsa zuwa tsakar kansa, suka karye abin da ya yi saura. Wani ya auna faɗin kafaɗunsa da taƙin hannunsa. Ɗayan ya ce, "Kwantar da hankalinka, Malam, aro muka yi, za mu maido." Suka kwashe da dariya. Ya tsaya yana kallo suka shimfiɗa karan a ƙasa, suka zana, suka fara sara. Da yamma yana dawowa dattijon ya ɗago masa murya daga bakin hanya, ya ce marigayin ya zauna daram a kabarin, ko yatsa ba a ƙara ba.

"Wannan ba komi ba ne," in ji ƙanena. "Kullum ina kan hanya, kullum ana mutuwa, ni kuma ba dogo ba gajere. Dole wata rana a yi arashi. Ko ba haka ba, Yaya?"

Likkafanin ni na ƙirƙiro shi, na sani. Amma karan fa? Ban aiki jaki ba, ban san dattijon ba. Abin da ya faɗo mini shi ne, na yi ƙarya da sunan mutuwa, ga shi ana mayar mini da ita gaskiya gaɓa-gaɓa. Likkafani ya samu, awo ya samu. Abu ɗaya ya rage.

Ya kamata in faɗa masa a ranar. Ban faɗa ba. Kunya ta hana ni, sannan akwai wancan mugun fata, cewa ƙila saura sati ɗaya ya ɗauki buta da kansa.

Kwanakin da suka biyo baya ban taɓa ganin irinsu ba. Ina salla ina manta raka'a. Duk motar da ta rage gudu a ƙofar gida, sai in jira in ji an yi sallama da irin muryar nan ta masu kawo saƙo. Na daina iya kallon tarin kara a bayan gida. Sai kuma Hajiya ta kama tari, irin wanda alhazai kan dawo da shi. Duk tarin da ta yi, sai in hango a zuciyata ta rasu, mata sun gama yi mata wanka, an kwance mabuɗi daga bakin zane, an ɗauko ƙunshin da ta tafi har Makka ta tanada, an buɗe, ga shuɗiyar shadda. Ta amince da rubutuna, ba ta sake dubawa ba.

Ranar wata Talata, wajen azahar, direban wata motar auduga ya leƙo zaure bai ko kashe mota ba. Ya ce malamin gona ya faɗi da babur wajen Ruwan Godiya, an ɗauke shi an kai Faskari. Na ce yana da rai? Ya ce shi dai a tasha ya ji.

Ban gaya wa Hajiya ba. Na hau bayan wata akori-kura, na zauna a kan buhuna. Tsawon hanyar nan ba addu'ar da ta zauna a bakina sai guda: Ya Allah, bar shi har in isa. Ko ba zai tashi ba, bar shi ya ji.

Na same shi zaune a kan tabarma a inuwar ɗakinsa, an yi masa ɗori a hannun hagu, gefen fuskarsa ya kuje. Na durƙusa a gabansa.

"Mi ya faru?" na ce.

"Mata ne suka yi wanki a rafi, suka shanya farin zane a kan itacen geza. Na sha kwana na gan shi, hannuna ya fizge da kansa." Ya yi murmushi. "Ka ga malamin kimiyya. Zanen wata tsohuwa ya kayar da ni."

Sannan ya ce, "Yaya, ban canja ba. Kada ka zaci na canja. Kaina ya san babu mai aiko da saƙo. Jikina ne bai sani ba. Karan nan na iya yi masa bayani. Ƙyallen ne ya gagare ni. Na juya shi ta ko'ina, kullum sai in dawo kan maganarka, ka ce ka gani da idonka. Da wani ne ya faɗa, da tuni na watsar."

Na ce, "Ban gani ba."

"Na'am?"

"Hajiya ba ta buɗe akwatin ba. Ban taɓa komi ba. Takardun na musanya, kamar yadda ka faɗa tun ranar farko. Shaddarka tana ƙasan akwati. Ƙarya na yi maka, don ka ji tsoro ka dawo."

Wata kaza ta zo tana tsattsagar bakin tabarma, bai kore ta ba. Na ga hawaye ya gangaro ta kan kujewar nan, ban san na fushi ba ne ko na sauƙi.

"Wata guda, Yaya. Wata guda ban ci abinci ya zauna ba."

"Na sani. Ka yafe mini."

"Da na dawo fa? Da na ɗauki buta saboda ƙaryarka, wa zan ce ina bauta wa, kai ko Shi?"

Can na ce, "Amma karan ba ni ba ne."

"Jaki ne," ya ce.

"Wa ya kawo jakin?"

"Yunwa." Sai ya yi dariya, ta farko da na ji daga gare shi tun ranar zaure, ya riƙe haƙarƙari yana cewa wayyo. Ni ban yi ba. Har yau ina ganin karan nan saƙo ne. Abin da ban ƙara tabbatarwa ba shi ne wanda aka aiko wa, shi ko ni.

Ya ce bai yafe ba tukuna, akwai saura. Da hannunsa ya yi dama muka koma Kankara tare, ƙunshin yana kan cinyata. Ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin Hajiya, ya sa ni na shiga na durƙusa na ce mata na yi kuskuren ɗauri, kuma na sani sama da wata guda na ɓoye. Dalilin ne kaɗai ban faɗa ba, domin sirrinsa ne da na yi alkawarin riƙewa. Ta yi salati, ta kwance mabuɗin, ta ciro ƙunshin ƙasan akwati. Shuɗiyar shadda ta bayyana. Ta karɓi farin ƙyallenta ta rungume, ta yi mini faɗan da ba ta yi mini ba tun ina yaro, ta ce daga yau ko sunan akuya ba zan ƙara rubuta mata ba.

Da na fito, ƙanena yana zaure, shaddar a hammatarsa. La'asar ta yi. Na ɗauki buta, na dube shi, ban miƙa masa ba.

"Rannan a gona na ba ka gaskiyata," ya ce. "Yau ka maido mini da ita. Ba na bin ka komi, Yaya."

Ya ɗaure shaddar a bayan babur da hannu ɗaya, na riƙe masa ɗaya bakin igiyar har ya ƙulla.