Ranar da Na Kayar da Surukina

Mijin 'yata ɗan ƙwallo ne, mutumin Sakkwato. Wata ƙungiya ta nan Tawa ce ta fara ɗauko shi daga Najeriya, a nan ya ga 'yata ya aura. Daga baya ya wuce Abijan, daga can sai Tunisiya. Ni tsohon ɗan kokowa ne, ban taɓa ɗaukar ƙwallo aikin maza ba, ƙarti riƙi-riƙi suna bin fata guda da gudu. Amma ya riƙe mini 'ya da mutunci, sai na kama bakina.

Tsakanina da shi kunya ce irin ta surukai. Ba na kiran sunansa, ba ma cin abinci tare, in ya hango ni a hanya sai ya sake lungu. In ya zo gaisuwa, tun daga ƙofa zai tuɓe takalmi, ya durƙusa, idonsa a ƙasa.

Shekarar da ya ji ciwo a gwiwa, an yi masa aiki a can Tunisiya, aka ce ya zo gida ya huta, bayan damina ya koma a gwada shi. In ya ci gwajin ƙungiyarsa ta ci gaba da shi, in bai ci ba, shi da ƙwallo sai kallo. Da ya zo gaishe ni ya kasa durƙusawa. Ya tsaya ƙerere, ƙafar a sandare, gumi na keto masa don kunya. Abin ya tsaya mini a rai.

Likitoci sun ce gwiwa ta warke, ban kuma musa musu ba. Kullum da la'asar yakan je wata ƙorama a hanyar Takanamat, ya yi wasa da samarin unguwa cikin yashi. Ni kuwa sai in fake da duba awakina, in laɓe bayan wata bagaruwa ina kallo. Abin da na gani bai yi mini daɗi ba. Samarin nan girmansa suke gani. Da ya ɗauki ƙwallo sai su dare, kamar liman zai wuce sahun gaba. Shi ma in wani ya matso, sai ya ɗage ƙafar tun ba a iso ba. Na san wannan ciwon tun a fagen kokowa. Wanda ya taɓa mummunar faɗuwa ƙasa yake tsoro, kuma ba ya sakin jiki sai ya sake faɗuwa ya ga ya tashi. Can inda za shi kuwa ba wanda zai ba shi hanya.

Na kira 'yata na ce, "Ki ce ma maigidanki shi bari a kada shi." Ta dawo ta ce, "Baba, ya ce ya ji, ya gode." Washegari ba abin da ya sake. Na tare babban samarin na ce su riƙa ture shi. Ya ce, "Haba Baba, in ƙahwar ga ta karye, mi za mu ce ma mutanen Tawa?"

Aka fara yankan hatsi, tafiya ta matso. Ran nan haƙurina ya ƙare. Na fito daga bayan bagaruwa, na tuɓe riga, na naɗe wando, na shiga yashin. Wasa ya tsaya cak. Surukina ya sunkuyar da kai.

Na ce, "Kama ni."

Ya ce, "Ni, Baba?"

"Kai hwa. Yau babu suruki, gobe mu koma."

Bai kama ba, sai ni na kama shi. Na harɗe ƙafar nan mai ciwo, na nana shi da ƙasa. Wallahi gabana ya faɗi. In gwiwar ta tashi aiki, ni da hannuna na kashe wa 'yata gida. Ya shafa gwiwar, ya lanƙwasa ta, ya miƙe tsaye yana kakkaɓe yashi. A karo na farko tun da ya auri 'yata ya dubi tsabar idona, ya ce, "Ƙara, Baba."

Na ƙara masa har numfashina ya ƙare. Da samari suka ga tsoho ya yi, suka daina jin nauyi, kullum sai ya sha ƙasa ya tashi. Gari ya ɗauka, wai na zubar da girmana a gaban yara. Matata ta yi kwanaki tana ajiye mini tuwo ba magana. Ko a jikina.

Ya ci gwajin, ya ƙara shekaru yana wasa a can. Amma ni tun safiyar da ya zo sallama na san zai ci. Ya tuɓe takalmi a ƙofa, ya shigo idonsa a ƙasa, ya durƙusa har ƙasa a kan gwiwar nan. Na kawar da kai yadda suruki ke yi, don kada ya ga idona ya cika, na ce, "A sauka lahiya."