Hular Isufu a Kasuwar Konni

Duk tsufan da zan yi, ba na jin zan manta da ranar da Isufu ya ɗora bakin bindiga a ƙirjin taubashinsa a tsakiyar kasuwar Konni. Ku da kuka shigo aiki daga baya kun san shi da furfura, yana koya muku harbi. Ni na san shi siririn saurayi daga Tajaye, kaki ya yi masa yawa.

Lokacin ina ajidan, wato babba a cikin ƙananan hafsoshi, ni ke koyar da ƙaramar bindiga, wadda muke kira pistole. Filin harbinmu wani tsohon ramin dutse ne a bayan Malbaza, ba inuwa sai ta aduwa guda. Mu jera kwalaye jikin gangare mu yi ta harbi har rana ta take, sannan mu taru gindin aduwar mu sha furar da matar wani makiyayi ke kawo mana. Daga baya na zauna manyan buro, wato ofisoshi masu fanka, amma ba inda nake kewa kamar ramin nan.

Darasina biyu ne. Na farko lura: in ka shiga wuri ka san ƙofofinsa, ka sa bango a bayanka, ka dubi hannun mutum kafin fuskarsa. Na biyu yatsa: ko ka zaro bindiga, yatsanka na miƙe a gefenta, ba ya zuwa kan kunama sai ka tabbatar da wanda ke gabanka. Ɗalibai sun fi son na farko, don yana sa mutum ya ji shi wani ne. Na biyun kuwa gundura ce zalla. In sa su zaro su mayar har hannu ya sage, ina bin su da tsumagiyar geza, duk yatsan da ya leƙa ciki in tsula masa. Ajidan Yatsa suke kirana a bayan idona, suna zaton ban sani ba.

Isufu ya riƙe lura da hannu biyu. Ko a masallaci ƙarshen sahu yake nema, kusa da bango. In mun tashi daga wurin mai shayi sai ya faɗa maka wane ne bahago a cikin waɗanda suka zauna. Tsumagiya kuwa ya sha ta fiye da kowa, don gaggawa gare shi.

Ƙarshen horo mukan fita sintiri na gaske ranar kasuwa, cikin farin kaya, bindiga a ƙarƙashin riga da harsashi a cikinta. Ni ina tsallaken hanya ina kallon yadda kowa ke tsayuwa. Isufu ya zaɓi wuri mai kyau, ya jingina da tarin buhunan albasa da ya fi shi tsawo. Can ya hango wani mutum da ƙatuwar rigar sanyi cikin zafin nan, yana zagaya masu canji, sai ya kafa masa ido. Daidai ya yi, ni ma shi nake kallo. Abin da bai lura da shi ba, 'yan dako na ta kwashe buhunan suna lodawa a mota. Bangon nasa ya yi ta raguwa har ya dawo iya ƙugu.

A ranar Sha'aibu, ɗan kawunsa, ya kawo raguna daga Tajaye. Kun san wasan taubasai, ɗan mace da ɗan namiji, har ɗaya kan kira ɗaya bawansa. Su nasu tun suna yara hula ce: wanda ya riga ganin wani ya lallaɓo ya fizge, ba ta dawowa sai da goro. Na hango dogon mutum yana sanɗa ta bayan buhunan, yana danne dariya. Fuskarsa kaɗai ta gaya mini wasa ne. Na ɗaga murya na kira Isufu, ƙarar 'yan kabu-kabu ta haɗiye kiran.

Hannu ya sauka a kansa. Ya juya, ya zaro, ya miƙa, duk a numfashi ɗaya, yadda na koya masa. Bakin bindigar ya tsaya a aljihun gaban rigar Sha'aibu. Na tsallako hanyar ban san yadda motoci suka bar ni ba. Da na iso, abin da na fara duba shi ne yatsa. Yana miƙe a gefe.

Sha'aibu na riƙe da hular a sama, dariyar ta bushe a bakinsa. Na dafa hannun Isufu na saukar da shi a hankali, na mayar da bindigar kube. Sai Sha'aibu ya ce da ƙaramar murya: "Haba bawana, don hula ɗai?" Ya ɗora masa ita a ka da kansa, ya gyara mata zama, bai nemi goro ba. Mai rigar sanyin kuwa, ashe zazzaɓi ke damunsa.

Washegari Isufu ya same ni gindin aduwa, ya ajiye bindigar a gabana. Ya ce: "Ajidan, ban iya aikin ga. Na ga kowa cikin kasuwa, ban ga ɗan'uwana ba."

Na ce: "Ido biyu Allah ya ba ka, duka a gaba. Ɗauki abinka."

Kapitan, shugabanmu, ya kira ni buro ya tambaye ni ko a kore shi. Na ce ranka ya daɗe, kowa na iya shan mamaki, ni ma da tsufana. Wanda nake tsoro shi ne wanda in an shammace shi yatsansa ke yanke hukunci. Sai ya ce a bar shi.

Abin da ranar ta koya mini ke nan. Lura na ƙarewa, don mutum na gajiya, hankali na tafiya wuri ɗaya, kuma mutanenmu masu taɓa juna ne, masu dafa kafaɗa da jan riga. A ƙasa irin wannan, hannun da zai zo maka ta baya galibi na masoyi ne. Shi ya sa har na ajiye aiki ban ajiye tsumagiya ba.

Kwanaki na haɗu da Isufu wurin wani suna a Tsarnawa, na tambaye shi Sha'aibu. Ya ce lafiya lau, har da jikoki, zumunci bai yanke ba. Sai dai tun daga ranar, in zai zo wurinsa ta gaba yake ɓullowa, yana sallama tun daga nesa. Isufu ya cire hularsa ya jujjuya ta a hannu, ya ce: "Ajidan, in na ji labarin ya shigo gari, da gangan nika ba ƙofa baya. Har yau bai ƙara taɓa ta ba."