Ruwan da Bai Wuce Yatsa Ba

Duk lokacin da ruwan farko ya sauka, ƙamshin ƙasa ya shigo ɗakin nan, sai hawaye ya zubo mini. Tun da maigidana ya rasu ba ni da wanda zan gaya wa dalili, shi ya sa na ce a rubuta maka, kai mai karantawa.

Ina yarinya, mahaifina ne mai unguwar ƙauyenmu, can wajen Makoɗa. Gonakinmu a manne suke da juna, gamba ce kawai iyaka. Ba a fita shuka sai Baba ya ce a fita.

Shekarar da nake faɗa ta biyo bayan damina biyu marasa albarka. Tafasa da rama muke ci. Irin geron da ya rage a kowane gida bai wuce ƙwarya guda ba, an zuba shi a tukunya an liƙe bakin da laka saboda mu yara.

Sai aka yi ruwa wata rana da hantsi. Maza suka cika zaurenmu. Gwaggo, yayar Baba, ta leƙo, hannunta duk ƙasa.

"Na tona bayan rumbu," ta ce. "Laimar ba ta wuce yatsa ba. Ku dakata."

"Yaya, yaushe aka naɗa ki sarkin noma?" in ji Baba. Aka yi dariya. Ya ce gobe a shuka.

Gero ya tsiro kore shar. Daga nan sama ta bushe, sati uku babu ko ɗigo. Tsiron ya murɗe, ya ƙone, da irin mutane duka.

Ba wanda ya zagi Baba. Zuwa kawai suka daina. Ni ke shimfiɗa tabarmar zaure kowace safiya, har wata rana na ce, "Baba, in bar ta a naɗe?"

"Shimfiɗa," ya ce. "Kada mai damuwa ya zo ya tarar ba wurin zama."

Haka zai zauna shi kaɗai har azahar. Na ga ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Ranar Juma'a bayan salla ya miƙe a gaban jama'a ya ce, "Ni na ce a shuka. Yayata ta hana, na yi mata dariya. Laifina ne." Wani ƙanensa ya ce, "To, laifin naka za mu dafa wa yara?" Baba ya juya ya tafi gida. Ya kai jakinsa da babbar rigarsa kasuwa, ya dawo a ƙasa da iri a ka. Gida-gida ya bi yana auna wa kowa da ludayi. Wasu sun karɓa ko gaisuwa babu.

Da ruwa na biyu ya sauka, ba wanda ya zo tambayarsa. Sai ya riƙo hannun Gwaggo har gona, mutane na kallo daga ƙofar gidajensu. Ya durƙusa ya tona da hannunsa.

"Yaya, duba."

Ta zura hannunta a ramin har wuyan hannu, ta damƙo ƙasa ta matse. "Yau dai ka naɗa ni ke nan?"

"Na naɗa ki."

"To, a shuka."

Washegari gonaki suka cika. Da la'asar wani dattijo ya yi sallama a zaure, ya zauna kan tabarmar nan ya ce, "Mai unguwa, ya ruwa?" Baba ya miƙa masa hannu biyu suka gaisa.

Duk sun tafi yanzu, Allah ya jiƙansu. 'Ya'yana suna birni, manoma kuma rediyo ke gaya musu ranar shuka. Ni dai ina shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakina kowace safiya. Shekaranjiya da aka yi ruwa na dogara sanda na je bayan ɗaki na tona. Laimar ba ta wuce yatsa ba. Na daɗe tsaye da ƙasar a hannuna, ina duban wanda zan gaya wa.