Takardar Gwajin Sha'aban

Ƙanena Sha'aban makanikin babur ne a bakin hanyar Mai'adua, kuma tun yana yaro bai iya musu ba. Ko ce masa ka yi rana daga yamma take fitowa, "to" zai ce. Mutane na yabon halin. Ni kam yanzu haushinsa nake ji.

Shekara biyar ya yi yana zuwa zance wurin Zaituna, 'yar wani mai sayar da hatsi a bayan Kusugu. Duk Alhamis da Asabar bayan la'asar zai dirje baƙin mai daga hannunsa, ya kafa hula, ya tafi. Samari na can suna soyayya a waya, shi sai zaure da tabarma. Har tsiya muke masa cewa tabarmar gidan ta fi katifarsa sanin shi.

Aka kai gaisuwa, aka sa rana, ni da hannuna na jera lefe. Saura sati uku liman ya ce ba zai ɗaura ba sai da takardar gwajin jini. Ban ga laifinsa ba, na san yadda sikila ke wahalar da yara. Abin da ke ƙona mini rai, sai an gama shaƙuwa ake tunawa da gwajin.

Takarda ta fito daga wani ɗakin gwaji: su duka AS ne, wato 'ya'yansu na iya zuwa da ciwon. Na ce, "Sha'aban, ka je wani wuri a sake."

Kawunmu ya daka mini tsawa. "Ke Laraba, kin fi likita sani ne? Ƙaddara ce, a yi haƙuri."

Sha'aban ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Yaya, a bar shi."

Aka fasa. Zaituna ta yi kuka har ta gaji, bayan wata takwas aka kai ta Dutsi gidan wani. Shi kuwa ya shekara shida bai sake taka zauren kowa ba. Daga gareji sai masallaci.

Bara na matsa masa ya nemi Raihana, wata bazawara maƙwabciyata. Wannan karon da gwaji muka fara. Sakamakon Sha'aban ya nuna AA, ba AS ba. Muka sake a wani asibiti, AA ɗin dai. Ma'aikaciyar ta ce jini ba ya canzawa, masu gwajin farko ne suka yi kuskure. Da na faɗa wa Kawu, ko kunya bai ji ba, ya ce ai matar mutum kabarinsa. Saura kaɗan in manta shi babba ne.

Na kai wa Sha'aban takardar a gareji. Ya daɗe yana kallonta, har yatsansa ya ɓata gefenta da baƙin mai.

"Yaya, Zaituna 'ya'yanta nawa yanzu?"

"Uku."

Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya jawo sifana.

"To. Don Allah kada ki bari ta ji."