Ladanin Bani Malik da Allon Tsuntsaye

A Jidda aka haifi Othman Bawa, jikan mahajjatan da suka tako da ƙafa daga Katsina suka kasa komawa. Dako yake yi wa masu yadi a kasuwar Bab Makka. Amma mutuncinsa a muryarsa yake, don shi ne ladanin ƙaramin masallacin Hausawa na unguwar Bani Malik, tun babu lasifika, sai dai a hau katanga a toshe kunne. Ba gida nasa, ba ɗa. Kiran sallar nan kaɗai ya mallaka a duniya, shi kuma mutanen unguwa suka ga ya yi masa yawa.

Wajen 1960 ya kai wa wani Bamisre kaya gida, Ustaz Mahmud, malamin firamare da ya karanta tarihin fir'aunoni a Alƙahira. A ɗakinsa Othman ya ga littafi cike da zanen mujiya da ido da maciji.

"Wannan wasan yara ne, ya Ustaz?"

"Maganar mutanen Fir'auna ce, ya shekh. Baƙaƙe ne zalla, ba wasali. Masu harshen sun mutu da lafazinsu, mu cike gurbi muke yi da ka."

Abin ya tsaya wa Othman a rai. Mai sana'ar murya, a ce masa ga harshe a rubuce amma ba kunnen da ya san amonsa! Duk Juma'a sai ya je. Ustaz ya nuna masa wata kalma mai nufin kyau, shi kuma ya yi ta juya ta a baki: nafar, nufur, nefer.

"Yalla, ja yadda ka so," in ji Ustaz yana dariya. "Wa ya rage da zai gyara maka?"

A gida sai ya riƙa kwafar zanen a allo, da tawada da alƙalamin kara, domin a nan aka koya masa rubutu, bai san wani wuri ba.

Wata safiya yana kasuwa, Mastura maƙwabciyarsu ta shigo neman rubutun sha. Mijinta Hamad ya daɗe kwance, hanta ta cinye shi. Zakiya matar Othman tana fama da tuya, ko waiwaye ba ta yi ba.

"Yaya, ɗauki na jikin bango ki wanke, jiya Malam ya rubuta."

Alluna biyu ne a jingine. Mastura ta ga mai tsuntsaye, ta ce lalle wannan hatimi ne mai ƙarfi. Ta wanke, ta ba mijinta. Hamad ya rasu a makon, kamar yadda likita ya riga ya faɗa musu. A zaman makoki, baiwar Allah, yabo ta yi: "Ladan ya yi mana ƙoƙari, har hatimi mai mujiya Hamad ya sha."

Kafin la'asar magana ta gama unguwa. Mutanen da suka sha rubutunsa shekara da shekaru ba ko sisi, su ne kan gaba wajen tofar da yawu.

Liman Rafi'u ya tara dattawa, ya ce a sake zana abin a gabansu. Othman ya zana.

"Karanta mana."

"Nefer. Ko nafar. Wallahi, Liman, ba wanda ya san daidai."

"Ka ji! Bai ma san yadda ake faɗa ba, ya ɗura wa mutum a ciki."

"Ba ni na ba shi ba. Kuma ma'anarsa kyau ne kawai."

"Kyan Fir'auna?" wani tsoho ya ce, aka kwashe da dariya.

Ustaz Mahmud ya riga ya koma ƙasarsu, ba mai shaida. Su kuwa dattawan tsoro ne ya cika su: rabinsu ba iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, in zancen sihiri ya kai kunnen hukuma kowa zai kwana a ciki. Amma ba su ce tsoro ba, suka ce addini.

"Halas, shi ke nan," in ji Liman. "Ba za mu kai ka gaba ba. Sai dai bakin da ya furta maganar Fir'auna ba zai sake kira mana salla ba."

Aka ba da ladancin ga Ubale, surukin Liman, mai murya kamar ana jan kwano a siminti. Othman bai yi gardama ba, bai kuma canja masallaci ba. Da hannunsa ya ƙone allon. Kullum ya riga kowa zuwa, ya zauna a sahun baya.

Shekaru bayan haka Ubale ya kwanta zazzaɓi. Zakiya ta yafa mayafi ta je zauren Liman, ta durƙusa ta roƙa a bar Malam ya kira ko da magariba ɗaya ce. Liman ya ce zai duba. Da rana ta faɗi, wani baƙo da ya sauka daga jirgi a watan aka miƙa wa lasifika, Othman na zaune a wajen da alwalarsa. Ya rasu a 1973 bai sake kira ba.