Fuskar da Wilf Garside Ya Zuba

A garinmu mutuwa ba ta hana ka ganin fuskar mutum. Tikiti kawai za ka yanka, ka shiga situdiyon da ke bayan tashar jirgin ƙasa, ka wuce zauren sarauta da dajin roba, ka faɗa ɗakin da muke kira ɗakin fuskoki. Suna nan jere a kan kanta bayan gilashi, farare fat, idanu a rufe. Ga Len mahauci. Ga direban motar makaranta. Ga tagwayen gidan Pruett, waɗanda da ransu ko ga-maciji ba sa yi, yanzu kunci na gogar kunci. Baƙi suna ɗauka duk manyan 'yan wasa ne, har hoto suke yi da su. Mu kuwa mun san kowa a cikinsu, har da irin tarinsa.

Ni nake tsaron ɗakin. Sunana Glenda, aikina kuma bai wuce in wuni ina cewa "don Allah kar a taɓa" ba, sai nuna wa mutane hanyar banɗaki. Tawa fuskar ma tana nan a kanta ta ƙasa, ta lokacin da nake budurwa, ko tamoji ɗaya babu. Kullum sai na wuce ta da safe. Ba na gaishe ta, ita ma ba ta taɓa nuna ta san ni ba.

Duk fuskokin nan hannu ɗaya ne ya zuba su, hannun Wilf Garside.

Wilf mai shafen filasta ne, ɗan mai shafen filasta. Rufin ɗakunan mutane yake gyarawa lokacin da 'yan fim suka sauka a garin nan za su ɗauki Birnin Ƙarƙashin Tafki, labarin wani gari da ruwa ya cinye, da sarauniyoyinsa na dutse da mutanensa masu kan kifi. Duk wanda zai sa kan kifin nan sai an fara ɗaukar zubin fuskarsa, don a ƙera masa wanda zai zauna daidai. Rabin gari kuwa ya shiga cika taro, don aikin ya fi jiran masana'antar da aka rufe. Aka nemi wanda ya san halin filasta, aka nuna Wilf. Ya shiga da niyyar yin wata guda, bai fito ba sai da furfura.

Gajere ne, mai faɗin hannu, girarsa ta yi fari da ƙurar aiki tun kafin shekaru su zo su ƙarasa. Ba ya shakkar kowa. An ce wani babban ɗan wasa ya taɓa tambayarsa ko ya san da wa yake magana, Wilf ya ce masa, "Rufe bakin dai, in ya bushe zan gani." Fina-finai biyar aka yi a kan labarin, amma ko ɗaya bai kalla ba. In ka matsa masa sai ya ce ai yana ganin kifi a kasuwa.

Matarsa Noreen a kicin ɗin makarantar firamare take aiki. Doguwa ce, mai saurin dariya, kuma ita kaɗai ce Wilf yake wa magana a hankali. Allah bai ba su haihuwa ba. Duk lokacin da aka kawo sabon haɗin ɗaukar zubin fuska a wurin aiki, Wilf ba ya yarda ya shafa wa kowa sai ya gwada a gida tukuna. Ranar Lahadi bayan abincin rana zai shimfiɗa jarida a ƙasan kicin, ya ja kujera, Noreen ta ɗaure gashinta ta zauna. Wata rana mai tsara kayan fim ɗin ya ga ɗaya daga cikin gwaje-gwajen nan a kan teburin Wilf, ya tsaya cak, ya ce wannan natsuwar yake nema. Shi ya sa duk sarauniyoyin dutsen da ke zauren sarauta, manya-manyan nan da ke kallon ƙasa, fuskar Noreen ce da su. Yaran makaranta suka samu abin tsokana. "Ranki ya daɗe, a ƙara mana dankali!" Sai ta ɗaga ludayi ta ce kowa ya durƙusa tukuna.

Noreen ta rasu a wani lokacin sanyi, 'yan shekarun baya. Ba a jima ba idon Wilf ya soma tafiya, irin ciwon da ke cin tsakiyar gani ya bar gefe. Da aka mayar da situdiyon wurin yawon buɗe ido, sai ya zama duk mako yana zuwa da sandarsa. Ba ya bi ta kan sarauniyoyin dutse, ya ce masu sassaƙa sun yi musu kwalliya sun ɓata hancin. Ɗakina yake zuwa, ya tsaya gaban zubin asali na fuskar Noreen da ke kanta ta sama, ya karkata kai yana kallo da wutsiyar ido kamar kaza ta hango shaho. Ya kan yi tsayuwarsa har rukunin baƙi uku su wuce shi. Daga nan ya tafi wurin shan shayi ya yi ƙorafin biskit.

Wata Alhamis ya zo bai karkata kai ba. Ya tsaya kawai, fuskarsa na kallon inda ba nan ne zubin yake ba.

Na ce, "Baba Wilf, ka matsa hagu kaɗan, Len mahauci kake kallo."

"Len ma ai ya isa kallo," in ji shi. Can ya ce, "Ke 'yar nan, ta gudu fa."

"Wa?"

"Fuskarta. Muryar na nan, jiya ma ta yi mini faɗa a kan na bar butar shayi a wuta. Amma in na kira fuskar sai ta zo mini kamar sabulun da aka daɗe ana wanka da shi. Ba hanci, ba baki. Hotuna cike da akwati, me zan yi da su?" Ya ɗaga hannayensa biyu. "Waɗannan dai ba su makance ba. Sau ɗaya nake so in taɓa ta."

Ni kuwa da "kar a taɓa" nake cin abinci. Tsoho ne da ya binne matarsa sau ɗaya, ga shi yana ji yana gani ana sake ɗauke masa ita.

Na je wurin Tamsin, shugabarmu. Yarinya ce da za a yi sa'ar 'yata, ba ta da mugunta, dokoki ne dai suka yi mata yawa a ka. Ta ce filastar ta tsufa, tana shan maiƙon hannu, in ta faɗi kuma shi ke nan. Na ce mata mutumin da ya zuba ta ne fa. Ta ce ta sani. Na zauna a ofishinta na ƙi tashi, na shanye mata shayi. A ƙarshe ta ce ranar Litinin ana buɗe gilashin da safe don kakkaɓe ƙura, ya zo kafin a buɗe ƙofa, amma da safar hannu.

Da na kai masa saƙon sai ya yi tsaki. "Safar hannu? Ki ce mata ta gwada shan shayinta ta cikin safa, in ya yi daɗi ta aiko mini."

Ban faɗa mata haka ba. Na ce dai zai wanke hannu da kyau, ta gyaɗa kai.

Ranar Litinin ya zo cikin rigar da yake sawa zuwa coci, ya aske gemu har ya yanke kansa a haɓa. Ba a kunna manyan fitilu ba tukuna. Ni ban cika son ɗakin nan a irin wannan lokacin ba. Daga zauren da ke kusa ana jin sautin da ake sakawa don baƙi, ƙarar ruwa da muryoyin mata suna gunji ƙasa-ƙasa, kuma idan gilashi a buɗe yake fuskokin sukan yi kamar sun matso. Tamsin ta sauko da Noreen da hannu biyu, ta kwantar da ita a kan tawul bisa tebur. Na kama hannun Wilf na kai shi.

Ya fara daga goshi. Yatsunsa suka gangaro a hankali, suka bi gira, suka hau hanci, suka tsaya a wani ɗan tudu da ni ban taɓa lura da shi ba.

"Ga ta," in ji shi, yana murmushi. "Ƙofar firji ce ta yi mata wannan. Ga ki nan, tsohuwa."

Tamsin ta juya baya tana laluben hankici. Ni ma na ce to, alhamdu, an gama lafiya.

Sai yatsun suka sauka zuwa muƙamuƙi, suka tsaya. Suka koma sama, suka sake saukowa. Ya sa ɗaya hannun a ɗaya gefen. Murmushin ya tafi.

"Wannan ba barci take ba," ya ce.

Duk wanda ya taɓa zama a kujerar Wilf ya san yadda abin yake. Wani kunu mai sanyi ake lafta maka, irin na likitan haƙori, ya rufe ido, ya rufe baki, ya rufe kunne, ƙofofin hanci kaɗai ake bari. A kai kuma a jera ƙyallayen filasta, su yi nauyi, su ɗauki zafi suna bushewa. Ba ka gani, ba ka magana. Don haka masu aikin suke da ƙa'ida biyu. Mai zubi zai riƙe hannunka har abin ya kama: ka matsa sau ɗaya, lafiya kake, ka matsa sau biyu, a take zai yage komai ko da aikin zai lalace. Sannan ba ya yin shiru, zai yi ta yi maka magana don ka san ba a bar ka kai kaɗai a cikin duhun ba. Ni da na zauna, labarin ƙwallo ya yi ta ba ni har aka gama, kuma da na fito sai da na yi kuka.

"Kawo hannunki, Glenda," in ji Wilf. Tamsin ba ta hana ba. Ya ɗora yatsuna a ƙasan kuncin. "Kin ji? Ta cije haƙora. Jijiyar nan ta tashi kamar igiya. Taɓa tsakanin girar. Na san wannan fuskar. Ƙattan maza na yage wa zubi saboda ita, tun kafin su matsa hannuna."

Na ji abin da yake nufi. A ido natsuwa ce zalla, a hannu kuwa mutum ne ya ƙanƙame kansa.

"To da can ba ka gani ba?" Bakina ne ya riga ni.

"Ni kumfa nake nema," ya ce. "In na ɓare zubi, ramin iska nake dubawa, da tsaga, da ko haɗin ya ɗauki ƙofofin gashi. In babu aibu sai in ce ya yi, in ce ta je ta wanke fuska. Fuskar kuwa ai ta matata ce, tana gida, me zan duba?"

Ƙarar ruwan nan na ta yi daga zaure, shi kuma ya ci gaba.

"Tagar ɗakinmu a buɗe take kwana, ko ƙanƙara ake zubawa. Ba ta taɓa shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa ba. A asibiti ma, tana numfashi da ƙyar, ta ƙi shiga na'urar hawa bene, ta bi matakala. Har tsokanarta nake yi a kai." Ya sake shafa muƙamuƙin. "Sau ɗaya take matsa hannuna. Kullum sau ɗaya."

Duk layinmu mun san zancen tagar Noreen, mun san ba ta jure rufaffen wuri. Babu wanda ya taɓa haɗa shi da kujerar ranar Lahadi. Tausayinsa ya kama ni, da ɗan haushin Noreen ma, Allah ya jiƙanta, da ta iya shanye abu haka shekara da shekaru tana dariya.

Tamsin ta matso ta ce, "Mista Garside, ai da ta so da ta faɗa. Don tana son ka ne ta zauna."

"Na sani, yarinya," in ji shi. "Shi ne abin."

Daga can ƙofar shiga aka soma jin hayaniyar rukunin farko, yara na ihu sun ga kan kifi. Tamsin ta dubi agogo, ta miƙa hannu za ta ɗauki zubin. Na riƙe mata gwiwar hannu.

Wilf bai ma san muna yi ba. Hannunsa na hagu ya sauka gefen tebur yana lalube, daidai inda hannun mai zama yake kasancewa, ya tsaya a nan a buɗe. Ya sunkuya kusa da kunnen filastar. Muryar da ta fito ba ta tsohon nan mai ƙorafin biskit ba ce, muryar aiki ce, mai kwantar da hankali.

"Noreen, ni ne. Ina nan, ban je ko'ina ba. Ja numfashi ta hanci. Yauwa. Ba sai ya bushe ba, ƙyale shi ya lalace. Yanzu zan cire miki."

Ya sa manyan yatsunsa biyu a gefen kunnuwanta, inda ake kama zubi a ɗaga, ya ja a hankali. Babu abin da ya taso. Ya gyara riƙo ya sake ja.

"Saura kaɗan," in ji shi. "Yi haƙuri, saura kaɗan."